Tagar da Baba Nehemiya Ya Rufe

Shekara talatin da ɗaya Nehemiya ya yi yana tsira wa mutane allura, daga Gubuchi har Saulawa, kuma ba wanda ya taɓa dawowa da kumburarren damtse ya ce shi ne sanadi. Iyakar abin da ya tara ke nan. Bai gina bene ba, bai sayi mota ba. Amma a kasuwar Makarfi duk wanda ya kwana biyu a duniya, in ya naɗe hannun riga, za ka ga lambar Nehemiya a damtsensa, 'yar zagayayya tsaf kamar an buga hatimi. Da wannan suna ya yi ritaya, kuma yana faɗi ko ba a tambaye shi ba: "Allurata ba ta taɓa yin ƙurji ba."

A shekarar da ta biyo bayan annobar sanƙarau, 'yarsa Rosaline ta dawo daga Kaduna da kwamfuta. Kamfanin da take wa aiki ya rufe, kamar yadda kamfanoni ke ta rufewa a lokacin, ita kuwa ta fito da na'urar da ta saba bugawa. Ta kafa ta a shagon ƙofar gida. Masu neman aiki suka fara zuwa, da masu koke ga kantoma, da masu katin aure. In an kawo wuta a yi aiki, in an ɗauke a sha rake.

Nehemiya bai kula abin ba. A wurinsa tafireta ce da ta haɗiye talabijin. Sai ranar da Rosaline ta dawo daga Zariya da wani ɗan baƙin faifai mai kusurwa huɗu, wanda bai fi tafin hannu ba, ta ce wa wata ƙawarta ai riga-kafi ne. Nehemiya yana kan kujerarsa yana jin labarai. Ya kashe rediyo.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Kwamfuta ma tana kamuwa da cuta. Cutar tana bin faifai daga wannan na'ura zuwa waccan, ta shiga ta lafe kwana da kwanaki ba alama, sannan ta tashi ta fara cin rubutu. Nehemiya ya gyaɗa kai ya ce ƙyanda ke nan. Ya tambaya ko sau ɗaya ake yi ko akwai zagaye na biyu. Ya tambaya ko ana ba da kati. Ya tambaya a ina za a ajiye maganin, tunda gidan ba firji.

"Baba, ka bar shi a durowa yadda yake," in ji ta. Don ya ƙyale ta, ta rubuta masa a takarda yadda ake yi: a tura faifan, a danna kaza, a danna kaza, a jira.

Bayan mako guda ta tafi Kafancan jinyar gwaggonta. Ta bar masa makullin shago, ta ce ya riƙa share ƙura, ya kuma ce wa masu zuwa su dawo bayan sati biyu.

Ko tasha ba ta kai ba ya buɗe durowa. Ya ɗaga faifan saitin rana yana juya shi, yadda yake duba kwalbar magani. A wata kusurwa ya ga 'yar taga, ƙarama kamar ƙwayar wake, a buɗe take har haske yana ratsawa, ga kuma ɗan murfinta an ture shi gefe. Ransa ya ɓaci. Yaran zamani sun yi karatu amma ba su da tarbiyyar aiki. Ba a barin magani a buɗe, ko na minti ɗaya. Ya sa farce ya tura murfin, ya ji ƙat. Ya naɗe faifan a leda biyu, ya kakkaɓe tsohuwar kularsa mai ruwan bula, wadda ta zaga ƙauyuka da shi tun zamanin agana, ya sayo ƙanƙara wajen mai zoɓo, ya kwantar da maganin a ciki.

Kwana biyu bayan haka wani ɗan kwangila ya zo da babbar riga da gumi. Yana son ya buga takarda zuwa ga kantoma kafin azahar, ya zo da nasa faifan, ya ce ya iya aikin da kansa. Nehemiya ya so ya hana, amma rigar ta yi girma. Mutumin ya zauna, ya buga, ya zare faifansa ya tafi. Nehemiya ya tsaya yana kallon na'urar. Baƙo ne, ba a san inda ya fito ba, ba a san wace na'ura faifansa ya kwana a ciki ba. Ya wanke hannu da sabulu, ya buɗe kula, ya goge maganin da auduga, ya tura shi, ya bi takardar Rosaline harafi bayan harafi. Na'urar ta yi ƙugi, ta yi tunani, sannan ta rubuta da Turanci cewa ba ta ga komai ba.

Ya yanko kwali ya ja masa layi. Suna: Kwamfuta. Gari: Makarfi. Zagaye na farko. Ya sa hannu ya manna a gefenta. Rabon da ya ji daɗi irin wannan tun ranar da aka yi masa liyafar sallama.

Da la'asar Dalhatu ya zo. Shi ne direban da ya tuƙa motar riga-kafi shekara ashirin, yanzu kuwa babur ne da shi, wanda yake ba mai da kwalba saboda layin gidan mai ya kai kwana uku. Tun suna samari yake kiran Nehemiya Likita, don ya san ba likita ba ne. Ya karanta katin, ya duba kula, ya tambaya ko na'urar ta yi kuka da aka tsira mata.

Nehemiya bai yi dariya ba. Ya ce wanda ya yi wa gidansa riga-kafi ya bar maƙwabta bai yi komai ba. Kwamfuta nawa ce a yankin nan? Dalhatu ya san komai na kowa. Ya ce ban da ta ofishin kantoma, biyu ya sani. Akwai ta Malama Ruƙayyatu, shugabar wata makarantar firamare a Ikara, wadda ɗanta ya aiko mata daga Legas. Akwai kuma ta Jumare, malamin gona a Kudan.

"Gobe da sassafe," in ji Nehemiya.

"Da wane man?"

"Da wanda kake ɓoyewa a bayan rumbu."

Suka tafi. Nehemiya a baya, kula a kan cinya, ya sa tsohuwar farar rigarsa ta aiki wadda yanzu ba ta rufe ciki. A shingen hanyar Ikara wani soja ya tsayar da su ya tambayi abin da ke cikin kula. Da ya ji an ce riga-kafi sai ya jingine bindiga ya fara naɗe hannun riga, don sanƙarau ya tsorata kowa. Nehemiya ya buɗe ya nuna masa. Sojan ya daɗe yana kallon faifan a kan ƙanƙara, ya kalli tsofaffin biyu, ya ce su tafi, Allah ya ba su lafiya.

Malama Ruƙayyatu ta karɓe su da fura. Sai da aka gama gaisuwa, aka tambayi gida da yara da gajiya da damina, sannan ta kai su ɗaki. Kwamfutarta tana lulluɓe da leshi kamar amarya. A ciki take ajiye tambayoyin jarrabawar dukan makarantar. Ta ce ba don Baba Nehemiya ba ne da ba wanda zai taɓa ta, amma shi ya yi wa 'ya'yanta shida allura, ko ɗaya bai yi zazzaɓin kirki ba. Ya wanke hannu, ya tura, ya danna. Ba komai. Ya manna kati.

A Kudan ma haka. Jumare yana rubuta wani dogon bayani a kan tsutsar rake, shekara biyu ke nan, kuma ya so ya karanta musu. Suka ce rana ta yi. Ya ɗaura musu rake a bayan babur.

Kwana goma sha biyu Nehemiya yana tafiya kamar wanda aka mayar wa aiki. A rana ta goma sha uku aka kawo wuta da hantsi, ya kunna na'urar don ya nuna wa Dalhatu wani katin aure da Rosaline ta tsara. Suna cikin kallo sai harafin farko na sunan ango ya saki layinsa ya gangaro ƙasan gilashi. Wani ya biyo shi. Kafin su rufe baki haruffa suna ta zuba kamar gero daga ɓulallen buhu, suna taruwa a ƙasa, ango da amarya da iyayensu duk sun cakuɗe.

Kafin azahar wani direban tasi ya kawo takarda daga Ikara. Kafin la'asar saƙo ya zo daga Kudan. Magana ɗaya ce.

Washegari suka koma da kularsu, wannan karon har da littafi da biro. Bin sawun cuta aikin Nehemiya ne, kuma ya iya. Wa ya shigo? Yaushe? Daga ina? Jumare ya ce shi ko faifai ɗaya bai mallaka ba, bai ma san amfanin ramin ba sai ranar da suka zo. Malama Ruƙayyatu ta ce tun da aka kawo na'urar ba abin da ya taɓa shiga bakinta, in ban da maganin Baba. Ta faɗi haka ba tare da ta nufi komai ba, tana kallon tambayoyin lissafi na aji shida suna zuba.

A hanyar dawowa man ya ƙare wajen Gazara, suka sauka suna tura babur. Can sai Dalhatu ya waiwayo.

"Likita, a da in gida uku suka kamu rana ɗaya, me kake fara tambaya?"

"Rijiyar da suke sha."

"To." Ya ɗan ƙwanƙwasa murfin kula da yatsa. "Ni dai direba ne."

Nehemiya ya ce magani ba ya ɗaukar cuta. Ya ce bai taɓa barin ƙanƙara ta narke ba. Ya ce ɗan kwangilar nan, wa ya sani, wataƙila ya bi ta Ikara. Dalhatu ya ce haka ne, wataƙila ma ya bi ta Kudan ya ɗaga leshi ya mayar. Nehemiya ya ce leshin a Ikara yake. Haka suka ci gaba da tura babur har Makarfi.

Rosaline ta dawo ranar Juma'a. Ta kalli haruffa, ta kalli katin da ke manne, ta ji labarin ɗan kwangila da na yawon Ikara da Kudan, ta zauna a kan benci ta yi dariya har da hawaye. Da ta huce ta ce abin mai sauƙi ne. Ɗan kwangila ya kawo sabuwar cuta wadda wannan riga-kafin bai san fuskarta ba, shi ya sa ya ce bai ga komai ba. Za ta je Zariya ranar Litinin ta karɓo sabo. Su Malama kuwa, tabbas sun karɓi faifan wani sun manta.

Nehemiya ya ce sun rantse ba su karɓa ba.

"Baba, kai ka sha gaya mana kowa haka yake cewa."

Gaskiya ne, ya sha faɗi. Ya ɗan ji sanyi. Sannan, yana kallon bango, ya tambaya ko shi maganin kansa zai iya kamuwa.

Ta ce ba zai yiwu ba. Akwai 'yar taga a kusurwarsa. In tana buɗe, an kulle faifan ke nan, ba abin da zai iya shiga, sai dai a karanta abin da ke ciki. In an rufe ta ne ƙofa take buɗewa, kowace ƙazanta ta shiga. Ita kuwa da hannunta ta buɗe ta tun a Zariya.

Nehemiya ya so ya tambaya wane mahaukaci ne ya ƙera abu haka, a buɗe a ce an rufe, a rufe a ce an buɗe. Bai tambaya ba. Ta ce ya miƙo mata faifan ta gani ko ƙanƙararsa ta jiƙa shi. Ya juya mata baya, ya sunkuya kan kula, ya kwance leda ta farko, ya kwance ta biyu. Farcensa ya sami wurin da kansa. Ƙat.

Dalhatu yana bakin ƙofa yana shan rake. Ya daina tauna na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Rosaline ta ɗaga faifan, ta ga haske ta taga, ta ce lafiya lau, sanyi bai yi masa komai ba. Ta mayar durowa. Magana ta mutu. Sunan Nehemiya yana nan yadda yake, laifi ya bi ɗan kwangila, wanda ba wanda ya san garinsu.

Da ta mutu ɗin da gaske, in ba don Fasto Barnaba ba. A makon nan ne aka aiko wa cocinsu sabuwar kwamfuta, ko warin kwali ba ta rabu da shi ba. Fasto ya ji labarin annoba, ya aiko a roƙi Rosaline ta zo ranar Lahadi bayan sujada ta yi wa tasu riga-kafi. Ta ce za ta zo da tsohon faifan. Ko bai san sabuwar cutar ba, zai tsare tsofaffin kafin Litinin, kuma ba abin da zai ɓata.

Ranar Asabar Nehemiya bai gama tuwonsa ba. Ya gwada cewa a bari sai sabon ya zo. Ta ce shi da bakinsa yake cewa ba a ɗaga ranar riga-kafi. Ya yi tunanin ya ɓoye faifan, amma makullin shago ya koma hannunta.

Ranar Lahadi ɗakin Fasto ya cika. Matan zumunta sun tsaya da kayansu iri ɗaya, dattawa sun zauna a benci, Dalhatu ma ya zo ya tsaya a waje wajen taga, ya ce shi ya kawo Likita ne kawai. Kwamfutar tana kan tebur, fara sol. Fasto Barnaba ya yi addu'a, sannan ya yi abin da Nehemiya bai zata ba. Ya karɓi faifan daga hannun Rosaline ya ce wannan aiki ba na yara ba ne. Ga mutumin da ya yi masa lamba shi kansa, ya yi wa rabin ɗakin nan, wanda allurarsa ba ta taɓa yin ƙurji ba. Shi zai sa da hannunsa. Mata suka yi guɗa.

Nehemiya ya wanke hannu. Ya daɗe yana wankewa. Ya karɓi faifan ya matsa gaban na'urar, ya kai shi bakin ramin. Ba wanda zai sani. Sai bayan kwana goma sha biyu, kuma kafin nan sabon magani ya zo, wataƙila ma ba a ga komai ba. Wataƙila. Ya san wannan wataƙilar. Ita ce ta kowane malalacin ma'aikaci da itace ya ƙare masa a ƙauye, ya dubi allurar da bai tafasa ba, ya dubi jaririn da ke gabansa.

Ya janye hannu.

"Fasto, wannan allurar ba ta tafasa ba."

Ya faɗi sauran a tsaye, kamar mai ba da rahoto. Shi ya rufe taga. Da ita a rufe ya sa faifan a na'urar da ta riga ta kamu. Shi ya ɗauki cutar a kula, a kan ƙanƙara, ya kai ta Ikara, ya kai ta Kudan, ya kuma manna musu kati. Ranar Juma'a ya sake buɗe tagar a ɓoye, wato ya kulle cutar a ciki. Bai ƙara komai ba.

Wata tsohuwa a cikin matan zumunta ta shafa damtsenta a hankali. Rosaline ta karɓi faifan da yatsa biyu, ta kalli ubanta, ta tambaye shi dalilin rufewar.

"Ba a barin magani a buɗe," in ji shi.

Daga wajen taga aka fara jin dariya, ta Dalhatu, sannan ta shigo ɗakin ta bi benci. Fasto ya yi ƙoƙari ya riƙe tasa, ya kasa. Nehemiya ya tsaya da farar rigarsa har suka gama.

Ranar Litinin Rosaline ta kawo sabon faifai daga Zariya. Ta liƙe tagarsa a buɗe da salatif, ta rubuta a jiki da jan biro: Baba, kada ka taɓa. Ta wanke tata na'urar, ta yi wa ta Fasto. Ikara da Kudan kuwa Nehemiya ya ce shi ya kai cutar, shi zai je ya ɗauko ta. Ta bi su a tasi don ta tabbata.

Bayanin Jumare ya dawo, ban da shafi huɗu, kuma ya hukunta su da karanta musu sauran. Na Malama Ruƙayyatu, tambayoyin aji shida sun tafi gaba ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ba Nehemiya kujera da littafin lissafi, ya yini yana karanta mata tana sake bugawa, ba fura wannan karon. Da zai tafi ya cire tsohon katin ya manna sabo, ta bar shi.

Tsohon faifan ya yi masa abin da ake wa gurɓatacciyar allura. Ya karya shi biyu, ya haƙa rami a bayan gida mai zurfin kamu uku, ya binne.

Ya yi wajen wata guda bai faɗi maganarsa ba. Sai wata ranar kasuwa, suna zaune wajen masu rake, wani baƙo ya naɗe hannun riga zai yi alwala, Nehemiya ya hango lambar ya gane aikinsa. Bakinsa ya riga shi.

"Allurata ba ta taɓa yin ƙurji ba."

"A jikin mutum," in ji Dalhatu.

Nehemiya ya auna maganar ya ga daidai take. Tun daga ranar haka yake faɗinta, har da ƙarin, kafin wani ya ƙara masa.